Yadda fam 1 da kwabo 67 ya zame mini bashin kusan fam 3,000

A Birtaniya akwai kuɗin da gwamnati ke ba mai jinyar wani nasa a gida, sunansa Carer's Allowance. Kafin a ba ka, sai kana shafe aƙalla awa 35 a mako kana hidimar mara lafiyan, shi ma kuma sai yana karɓar ɗaya daga cikin tallafin da ake ba masu nakasa. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024, fam 76 da kwabo 75 ake bayarwa a mako. In aka raba shi kan awa 35 ɗin, kowace awa ta tashi fam biyu da 'yan kwabbai, alhali ban san mai jinyar da hidimarta ke tsayawa a awa 35 ba.

Na fara karɓa a 2022, bayan hawan jini ya kayar da maigidana ya bar shi da shanyewar ɓarin dama. Direban bas ne a Manchesta kafin ciwon. Da aka sallamo shi daga asibiti ba ya iya tashi daga gado sai an kama shi, harshensa ya yi nauyi, ko ruwa ba ya sha sai na kaɗa masa wani gari da ke sa ruwan ya yi kauri don kada ya sarƙe shi. Wanka, alwala, ɗaura masa robar da ke tallafe ƙafa, juya shi cikin dare, duk ni ce. Mijina ne, ba na neman yabo a kan haka. Na faɗa ne don a san halin da wasiƙun neman bashi na gwamnati suka same ni a ciki.

Doka ta yarda mai jinya ya taɓa ɗan aiki, amma da iyaka. Ni ina aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare ta hannun wani kamfani mai kai ma'aikata, kwana uku a mako, awa huɗu da rabi kowace rana, a ranakun da mota ke zuwa ta ɗauki Malam zuwa cibiyar da ake yi masa gashi. Duk mako ake biya na, kuma in makaranta ta yi hutu, ba aiki ba albashi. Duk wannan na rubuta shi a takardar neman kuɗin, na haɗa da takardun albashina, aka duba aka amince. A lokacin iyakar fam 132 ce a mako. Albashi mafi ƙanƙanta fam 9 da kwabo 50 ne a awa, nawa ya tashi fam 128 da kwabo 25. Ina ƙasa da iyaka, ba matsala.

A watan Afrilun 2023 gwamnati ta ɗaga albashi mafi ƙanƙanta zuwa fam 10 da kwabo 42, ta ɗaga iyakar masu jinya zuwa fam 139. Awannina ba su ƙaru da ko minti ɗaya ba, amma albashina ya koma fam 140 da kwabo 67. Na haura iyaka da fam 1 da kwabo 67. A sauran tallafi, in samunka ya ƙaru a hankali ake rage abin da ake ba ka. Wannan ba haka yake ba. Ko da kwabo ɗaya ka haura, kuɗin makon duka ka rasa, kamar a ce ka auno mudun gero, ƙwaya biyu suka hau sama, sai a ƙwace mudun duka.

Shekara guda cur ba wanda ya ce mini uffan. Kuɗi na shiga asusu kamar kullum. Sai bayan ƙaramar sallah ta 2024 ambulan mai ruwan ƙasa ta farko ta zo, ana neman takardun albashina na shekarar, kuma an dakatar da biya har a gama bincike. Na aika. Ta biyu ita ce hukuncin: an biya ni kuɗin da ban cancanta ba na makonni 38, jimla fam 2,916 da kwabo 50, kuma an ɗora mini tarar fam 50 saboda ban sanar da canjin da ya same ni ba. Na ɗauki biro na lissafa abin da na haura da shi a waɗannan makonni gaba ɗayansu. Fam 63 ne da 'yan kwabbai. Ta uku daga sashen karɓar bashi ta fito, tana cewa in kira su mu shirya yadda zan biya, in ba haka ba suna da ikon cirewa daga albashina kai tsaye ba sai an je kotu ba.

Na kira ofishin gwamnati mai biyan tallafin bayan azahar, lokacin da Malam kan yi barci, ina zaune a kan matakala na rufe ƙofar falo. Kiɗan jira ya daɗe yana yi a kunnena kafin wata mata ta ɗauka. Ba ta yi mini rashin kunya ba, gaskiya. Ta ce nauyi ne a kaina in sanar da su duk wani canji. Na ce wane canji, aikina yana nan yadda na gaya muku, awannina suna nan. Ta ce albashi ya canza. Na ce ai gwamnati ce da kanta ta ƙara shi, a talabijin aka sanar, kuma duk ranar da aka biya ni kamfanin yana aika wa hukumar haraji. Ta ce ta fahimta, amma ba ita ta yanke hukuncin ba. Sai ta tambaye ni nawa zan iya biya duk wata. Na ce ban yarda ana bi na ba tukuna, zan sake kira.

Abin da ya fi kuɗin tayar mini da hankali shi ne tarar nan ta fam 50. Ƙarama ce, amma tana nufin an rubuta a wani wuri cewa na ɓoye wani abu. Wanda ya zo ƙasar nan daga wani wuri ya san irin wahalar da aka sha kafin a samu takardun zama, kuma ya san yadda gaba ke faɗuwa in aka haɗa sunanka da kalmar zamba. Na riga na ji cewa an kai wasu masu jinya kotu a kan irin wannan. Ban gaya wa Malam ba, saboda likita ya ja mana kunne a kan duk abin da zai tayar masa da jini. Ban gaya wa matan da muke haɗuwa a Islamiyya ranar Asabar ba, don magana in ta fita ba ta dawowa yadda ta fita, gobe sai ka ji an ce wance ta ci kuɗin gwamnati. Babbar sallah ta matso, ƙanena ya bugo daga Funtuwa yana cewa, “Yaya, maganar ragon Inna fa, kullum tashi yake yi.” Na ce masa bana su yi haƙuri. Ya yi shiru, na san abin da shirun ke nufi: mutum yana Ingila ya ce ba shi da kuɗin rago.

Babbar 'yata ce ta samo mini lokacin ganawa a ofishin Citizens Advice, masu ba da shawara kyauta. Wata dattijuwa Baturiya ta karɓe ni, ta karanta wasiƙun uku ba ta yi gaggawa ba, sannan ta fara tambaya. Kina zuba kuɗi a asusun fansho? Na ce a'a. Ta ce da kina zubawa, ana cire rabin abin da kike zubawa kafin a auna albashinki. Kina biyan wani wanda ba ɗan'uwa na kusa ba ya zauna da mijinki in kin tafi aiki? Na ce a'a. Ta ce shi ma ana cirewa, har zuwa rabin albashi. Kuna karɓar Universal Credit, wato tallafin gwamnati na masu ƙaramin samu? Na ce ba ma karɓa. Ta ce masu karɓa ana zare musu Carer's Allowance daga ciki fam da fam, saboda haka duk wanda aka ce ya mayar da wannan, sai ya nemi a sake lissafin wancan. Na kawo waɗannan tambayoyi ne domin wata ƙila amsarta i ce, kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe bashin.

Tambayarta ta huɗu ita ce tawa. Ana biyan ki lokacin hutun makaranta? Na ce ko kwabo. Ta jawo farar takarda ta ja layi 52, ta ce in nuna mata makonnin da na yi aiki. Muka cike 38, sauran suka zauna fayau. Ta haɗa kuɗin duka, ta raba da 52, ta juyo mini da takardar. Bai kai fam 120 a mako ba. Ta ce akwai ƙa'idojin lissafin albashi na 1996, sun ba da dama in samun mutum yana hawa da sauka, kuma aikinsa yana da zagaye da aka sani, a ɗauki matsakaicin zagayen gaba ɗaya. Shekarar makaranta kuwa zagaye ne da kowa ya sani. Ta ƙara da cewa magana biyu ce daban: ko an biya ni fiye da haƙƙina, da kuma ko suna da ikon karɓa. A ƙarƙashin dokar tafiyar da tallafin gwamnati ta 1992, a irin wannan tallafi sai sun nuna cewa na faɗi abin da ba haka ba, ko na ƙi bayyana abin da ya wajaba in bayyana.

Matakin farko shi ne a rubuta wa ofishin ya sake duba hukuncinsa, kuma wata ɗaya ake bayarwa daga ranar da ke kan wasiƙar, ba ranar da ta iso hannunka ba. In an makara da dalili mai ƙarfi ana iya karɓa har zuwa wata 13, amma ta ce kada in dogara da wannan. Ba a zuwa kotu sai an bi ta nan. Ta kuma sa na cike wata buƙata ta daban, a ba ni kwafin duk abin da suke da shi a kaina, haƙƙi ne da doka ta ba kowa kuma ba a biyan komai.

Haɗa takardun ya ci mini dare da yawa. Takardun albashin suna intanet, 'yata ta riƙa buga su a laburaren unguwa bayan ta taso makaranta, ita da ke shirin jarrabawa. Na samo kalandar makarantar mai nuna ranakun hutu, da wasiƙar kamfanin da ke cewa ba a biya na in an rufe. Na aika ta gidan waya ta hanyar da sai an sa hannu kafin a karɓa, na ajiye rasit. Na kira sashen bashi na gaya musu na ƙalubalanci hukuncin, suka ce sun dakatar da karɓa. Duk da haka sai da wata wasiƙar tuni ta sake zuwa.

Amsar ta zo da kwafi biyu. Ba su canza komai ba. Sun ce tunda duk mako ake biya na kuma adadin ɗaya ne, ba su ga dalilin ɗaukar matsakaici ba. Makonni 14 da ban samu ko sisi ba, ko ambatonsu ba a yi ba.

A tsakanin nan kwafin fayil ɗina ya iso, kuma a ciki na ga abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Na'urarsu ta samu sanarwa daga hukumar haraji tun a watan Mayun 2023 cewa albashina ya haura. Ba wanda ya buɗe ta sai bayan kusan shekara. Da an ɗaga waya a lokacin, ko da a lissafinsu na kuskure, abin da za a ce ana bi na bai wuce fam 300 da ɗoriya ba, kuma da mun warware maganar tun tana ƙarama. Dattijuwar nan ba ta yi mamaki ba. Ta ce tun 2018 ake da wannan tsari na sanarwa, kuma tun 2019 kwamitin majalisar dokoki ya yi ƙorafi a kan yadda ake barin bashi ya taru a kan masu jinya. Ta nuna mini labaran da jaridar Guardian ke ta bugawa tun watan Afrilun 2024. Daga baya, a watan Disamba, ofishin binciken kuɗin gwamnati, National Audit Office, ya fitar da rahoto cewa sama da mutum 136,000 ake bi irin wannan bashi, jimlarsa ta haura fam miliyan 250, kuma kusan rabin sanarwar kawai ake dubawa. Ni da nake ɓoye wasiƙa a ƙarƙashin buhun shinkafa ina ganin ni kaɗai ce.

Mataki na biyu shi ne ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke sauraron ƙararrakin tallafi, wadda ba ta ƙarƙashin ofishin. Fom ɗin sunansa SSCS1, ana iya cike shi a intanet, kyauta ne, shi ma wata ɗaya ake bayarwa. Akwai wurin da ake tambaya ko kana so ka halarta da kanka ko a yanke hukunci a kan takarda kawai. Ta ce in zaɓi halarta, don alƙali ya ji daga bakina. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana iya neman tafinta, kotu ce ke biya.

Kafin a sa rana, aikin ya tafi. A Afrilun 2024 albashi ya koma fam 11 da kwabo 44, iyaka ta koma fam 151, nawa ya tashi fam 154 da kwabo 44. In na koma a watan Satumba, sabon bashi zan fara tarawa a lissafinsu. Na roƙi kamfanin ya rage mini rabin awa a mako, aka ce ba a gutsura lokacin aiki. Na ajiye. Ba albashin kaɗai na rasa ba. Kicin ɗin nan shi ne wuri ɗaya da nake zuwa a yi hira da ni ba a kan magani da hawan jini ba, yara su yi layi suna faɗin abin da suke so da abin da ba sa so. Da na daina aiki aka dawo mini da fam 81 da kwabo 90 na mako, wato an fi yarda da ni in ina zaune.

Malam ya gano ne ranar da amsar ofishin ta zo daga kotu, tulin takardu masu lamba a kowane shafi, sun fi ƙarfin ƙarƙashin buhu. Na fito daga wanka na same shi ya jawo su da hannun hagu, yana bin layi da yatsa. Sunansa na ciki, tunda shi ake jinya. Ya daɗe yana haɗa maganar kafin ta fito: “Hajiya, saboda ni ne?” Na ce, “Haba Malam, lissafi ne suka yi ba daidai ba, kuma za a gyara.” Bai ce komai ba. Amma daga ranar ya daina tashi na cikin dare. Wani dare ya lallaɓa zai shiga banɗaki shi kaɗai, ƙafar ta ƙi, ya faɗi tsakanin gado da bango, sai da muka kira motar asibiti aka ɗaga shi. Allah ya tsare bai karye ba. Ni ma a watannin nan ne likita ya ɗora ni a kan maganin hawan jini.

An saurari ƙarar a farkon 2025. Ɗaki ne ƙarami da tebur, ba irin kotun da ake gani a fim ba, alƙali mace ita kaɗai da magatakarda. Ba wanda ya zo daga ofishin. Ta riga ta karanta komai. Ta tambaye ni yaushe na fara aikin, ko awannin sun taɓa canzawa, me ke faruwa a watan Agusta, me na rubuta a takardar farko. Ta buɗe shafin da na rubuta da hannuna a 2022 cewa lokacin karatu kawai nake aiki, ta karanta shi a fili. Abin da na shafe watanni ina faɗa a waya da wasiƙa, a nan bai ɗauki awa ɗaya ba. Hukuncin ya zo a rubuce: a ɗauki matsakaicin shekara, ban haura iyaka ba, babu bashi, tarar ma ta faɗi. Kuɗin da aka riƙe mini lokacin bincike ya biyo baya. Wasiƙar ban haƙuri ba ta zo ba.

A lokacin abubuwa sun fara motsi a sama. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta naɗa Liz Sayce, wadda ta taɓa shugabantar ƙungiyar kare haƙƙin masu nakasa ta Disability Rights UK, ta binciki lamarin, kuma a kasafin kuɗin da ministar kuɗi a lokacin, Rachel Reeves, ta gabatar a watan aka ɗaga iyakar zuwa fam 196 daga Afrilun 2025, daidai da awa 16 a kan albashi mafi ƙanƙanta. Ɗaure iyakar da albashin shi ne abin da ya kamata a yi tun farko, da ƙarin albashi bai jefa irina cikin bashi ba. Rahoton Sayce ya fito a watan Nuwamban 2025, ya ce ba karya doka da gangan ba ce ta haifar da wannan tarin bashi, tsarin ne da matsala, musamman umarnin da aka ba ma'aikata a kan ɗaukar matsakaicin albashi. Gwamnati ta yarda za ta sake duba irin waɗannan hukunce-hukunce tun daga 2015. Amma ƙa'idar kwabo ɗaya ya cinye mako ba a cire ta a lokacin ba, matsar da ita aka yi gaba.

Bayan an gama shari'ar na buɗe baki a Islamiyya. Ana tashi wata baiwar Allah 'yar Kumasi ta ja ni gefe. Ɗanta sikila gare shi, tana aikin shara a wani ofis, awanninta ba su da tsayayyen adadi, wani makon da yawa, wani makon yaron yana asibiti ba ta je ko'ina ba. Tata wasiƙar tun 2022 ta zo. Da aka tambaye ta nawa za ta iya biya a wata, ta faɗi adadi don a rabu da ita, mijinta ma bai sani ba, kuma wata 13 ɗin sun daɗe da wucewa. Abin da ya rage mata shi ne sake dubawar nan da aka yi alkawari. Na ce ta nemo duk takardar albashin da za ta iya samu, da takardun kwanciyar yaron a asibiti, ta kuma nemi kwafin fayil ɗinta. Na raka ta wurin masu ba da shawara da takardun cike da leda, an ba ta rana a watan gobe.